FILIN KIWON LAFIYA: Na'urar Da Ke Sauraron Gudun Jini A Cikin Jijiya

A yau in mutum ya ambaci kalmar sikanin a cikin taro, abin da zai fara faɗo wa kowa a rai shi ne mace mai juna biyu ta tafi asibiti a duba mata kwanciyar ciki, ko kuwa a gaya mata namiji ne ko mace, domin a san irin kayan jaririn da za a saya. Mutane da yawa sun ɗauka iyakar aikin na'urar ke nan. Alhali kuwa tana da wani aiki dabam mai nauyin gaske, watau sauraron yadda jini ke gudana a cikin jijiyoyin mutum, da auna saurinsa, da gano inda hanya ta ƙuntata ko ta toshe tun ɓarna ba ta auku ba. A kan wannan aiki ne za mu yi magana a makon nan, kuma ina roƙon iyayen yara masu ciwon sikila, watau amosanin jini, su daure su karanta har ƙarshe.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Shekarun baya ina da wani maƙwabci mai sayar da yadi, yana da ɗa mai shekara bakwai wanda aka haifa da sikila. Wata rana da sassafe uwarsa ta tashe shi ya yi shirin makaranta, sai ta ga bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, magana kuma ba ta fita. Nan da nan gida ya ruɗe. Waɗansu suka ce iska ce ta buge shi, waɗansu suka ce wani abu ya taka a bakin kududdufi da magariba. Aka kwana uku ana turare da shafe-shafe kafin a kai shi asibiti. Da na je dubiya uban ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, daren da abin nan zai faru fa, har bayan magariba yaron nan yana guje-guje a ƙofar gida, babu wata alama ko kaɗan." Ban iya ce masa kome ba a ranar. Amma a irin waɗannan yara sau da yawa alamar tana nan, takan yi watanni a cikin kan yaro, ido ne ba ya ganinta, kunne kuma ba ya jinta. Da an taɓa ɗora masa wannan na'ura a gefen kai, mai yiwuwa ne ƙwarai da an ji ta.

JIJIYA IRI BIYU

Mu Hausawa kome jijiya muke ce masa, amma hanyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu ɗauko jini daga zuciya su kai shi ko'ina a jiki. Waɗannan bangonsu yana da kauri, jini yana bin su da ƙarfi, su ne kake jin suna harbawa in ka dafa wuyan hannunka. Bari mu kira su jijiyoyin kai jini. Akwai kuma masu komo da jinin zuwa zuciya bayan jiki ya gama amfani da shi. Waɗannan suna da taushi, jini yana bin su a hankali, kuma na ƙafa da na hannu suna da waɗansu 'yan ƙofofi a ciki masu hana jini komawa baya. Su ne ake gani a bayan hannu, inda ake sa allurar ƙarin ruwa. Su kuma mu kira su jijiyoyin mayar da jini. Baligi yana ɗauke da jini wajen lita 5, kuma ko yana zaune kawai zuciyarsa tana tura kusan wannan adadi a kowane minti. To, duk inda hanya ta sami matsala, gaɓar da ke dogara da ita ce za ta ji a jikinta, ko ƙwaƙwalwa ce, ko ƙafa, ko huhu.

YADDA NA'URAR KE AIKI

Kowa ya san in ka yi kira a bakin rijiya mai zurfi, ko a gindin dutse, muryarka takan komo maka. Da irin wannan amsa-kuwwa jemage yake gane hanya cikin duhu. Na'urar sikanin ma haka take. Kanta, wanda ake ɗorawa a kan fata bayan an shafa wani mai mai santsi, yana aika sauti cikin jiki, sa'an nan ya saurari abin da ya komo. Kunnen mutum yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan guda. Sautin na'urar kuwa yana kaɗawa sau miliyoyi a sakan, shi ya sa ba ma jinsa. Ba a huda fata, ba a jin zafi, kuma babu irin hasken nan na hoton ƙashi wanda ake gudun yawansa.

Amma yaya sauti zai faɗi saurin jini? Wannan ya samo asali daga wani masanin lissafi mutumin ƙasar Ostiriya mai suna Christian Doppler. A shekarar 1842, yana koyarwa a birnin Prague, ya yi bayanin wani abu da kowa yake ji amma bai kula ba. In ka tsaya a bakin titi mota ta taho da gudu direba yana danna oda, za ka ji ƙarar ta yi siriri sa'ad da motar take nufo ka, da ta wuce kuma sai ƙarar ta yi kauri, alhali odar ba ta sake ba. A shekarar 1845 wani masani a ƙasar Holan mai suna Buys Ballot ya gwada maganar: ya ɗora masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa kusa da birnin Utrecht, ya tsai da masu kunnen kiɗa a gefen hanya, suka kuwa tabbatar sautin yana sakewa gwargwadon gudun jirgin. Bayan shekara fiye da ɗari, a shekarun 1950, wani masani na Jami'ar Osaka a ƙasar Japan, Shigeo Satomura, ya nuna za a iya amfani da wannan ƙa'ida a auna motsin zuciya da gudun jini. Jajayen ƙwayoyin jini su ne motar, kan na'urar shi ne mai tsayuwa a bakin titi. Daga yadda sautin da ya komo ya sake, na'urar take lissafa ko jinin yana nufo ta ne ko yana tafiya, da kuma santimita nawa yake ci a sakan. Saboda haka ne likitoci suke kiran wannan awo da sunan mutumin, watau awon Dofla.

A na'urorin yanzu akan ga jinin a allo da launin ja da shuɗi. Kada mai karatu ya ɗauka ja shi ne jini mai kyau, shuɗi maras kyau. Bisa al'ada ja yana nufin jinin da ke nufo kan na'urar, shuɗi kuwa wanda ke nisantarsa.

Sauran abu ɗaya da ya kamata a fahimta. Dubi mai wankin mota: in ya danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwan sai ya fito da tsananin gudu, ko da yake famfon bai ƙara kome ba. Haka jini yake. Inda jijiya ta ƙuntata, nan yake ƙara sauri. Don haka in na'ura ta ji jini yana gudu fiye da ƙima a wani wuri, likita ya san akwai matsi a nan.

YARA MASU SIKILA

Yanzu mu koma kan ɗan maƙwabcina da ire-irensa. Nijeriya ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya. An ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ciwon a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da iri, watau AS, ko da yake shi lafiyarsa lau. A jikin mai sikila jajayen ƙwayoyin jini sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su riƙa gurzar bangon jijiya, kuma suna mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120 na mai lafiya. A waɗansu yara wannan gurza takan sa manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su yi ta ƙuntata sannu a hankali, har ranar da jini zai kasa wucewa. Ranar ce ake cewa ɓarin jiki ya shanye. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a shekarar 1998, wanda wani likita ɗan ƙasar Gana, Kwaku Ohene-Frempong, ya jagoranci rubuta shi, ya nuna cewa in ba a yi rigakafi ba, kimanin 11 cikin 100 na masu sikila mai tsanani sukan gamu da wannan kafin su cika shekara 20.

Da can ana ganin ƙoƙon kai ya hana sauti shiga. Sai a shekarar 1982 wani masani mutumin ƙasar Norway, Rune Aaslid, ya nuna cewa akwai wuri a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri, kuma ta nan za a iya sauraron jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Daga nan wani likita a Amurka, Robert Adams, da abokan aikinsa suka fitar da ma'auni ga yara masu sikila. In matsakaicin gudun jini bai kai santimita 170 a sakan ba, babu damuwa a lokacin. Daga 170 zuwa 199, sai a sa ido a sake awo ba da daɗewa ba. In kuwa ya kai 200, watau mita 2 a sakan guda, yaro yana cikin haɗari, domin cikin irin waɗannan yara wajen ɗaya cikin goma yakan shanye a kowace shekara in an bar su haka nan.

Ba su tsaya nan ba. Sun ɗauki yara 130 masu wannan awo mai haɗari, suka raba su biyu. Kashi ɗaya, su 63, ana yi musu ƙarin jini a kai a kai, kamar wata-wata. Ɗaya kashin, su 67, ana ba su kulawar da aka saba. A cikin waɗanda ake ƙara wa jini yaro ɗaya ne tak ya shanye, a ɗaya kashin kuwa yara 11. Bambancin ya yi yawa har aka dakatar da binciken kafin lokacinsa, domin bai kamata a ci gaba da hana sauran yaran abin da ya tabbata yana ceto ba. An buga sakamakon a shekarar 1998, kuma tun daga nan ƙa'ida ta zama a riƙa yi wa kowane yaro mai sikila mai tsanani wannan awo sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16.

Mai karatu zai ce, to, wannan ai Amurka ce, ina talakan Nijeriya zai sami jini mai tsabta kowane wata shekara da shekaru? Tambaya ce mai kyau, kuma likitocinmu na gida sun ba da amsarta. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da waɗansu asibitoci da kuma Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, an gwada wani maganin sha mai suna haidiroksiyuriya, wanda ke sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri yake da shi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. An ba yara 220 masu awo mai haɗari maganin, waɗansu kaɗan, waɗansu matsakaici. A sakamakon da aka buga a shekarar 2022, yara 8 ne suka shanye cikin shekara biyu da wani abu da aka yi ana bin su, kuma ƙaramin adadin maganin bai gaza matsakaicin ba wajen wannan kariya. Da an bar su babu magani, bisa lissafin da muka ambata a sama, da adadin ya ninka haka sau da yawa. Wannan aiki ne da aka yi a ƙasarmu, a kan 'ya'yanmu. Amma fa a kula, ba magani ba ne da mutum zai je kemis ya saya da kansa. Likita ne zai auna nauyin yaro ya yanke adadi, ya kuma riƙa duba jininsa lokaci-lokaci.

Shi awon kansa ba ya wuce kamar rabin sa'a. Yaro zai kwanta a farke, ba ya kuka, ba ya barci, kuma an fi so a yi shi ranar da yake lafiya, ba ranar zazzaɓi ko tashin ciwo ba. 'Yan'uwanmu mazauna kudu su sani ba a Kano kaɗai ake yi ba. Ana yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, ana kuma yi a Cibiyar Sikila ta Ƙasa da ke Idi-Araba a Legas.

ƘAFAR DA TA KUMBURA ITA KAƊAI

Aiki na biyu ya shafi jijiyoyin mayar da jini. Tun da jini yana bin su a hankali, in mutum ya daɗe bai motsa ba yakan daskare ya zama guda a can cikin tsokar ƙafa ko cinya. Waɗanda abin ya fi samu su ne mai ciki da mai jego, musamman a makonni shida na farko bayan haihuwa, da wanda aka yi wa aikin tiyata, da mai karaya, da wanda jinya ta kwantar, da matafiyin da ya naɗe ƙafa a mota tun daga Legas har Kano. Alamarsa ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura ta bar 'yar'uwarta, ta yi zafi, ta yi ciwo.

A nan ne al'adarmu ta tausa take da haɗari. In aka ga ƙafar mai jego ta kumbura, sai tsofaffi su ce sanyi ne, a kawo ruwan zafi da man shafawa a murza, ko a kira wanzami ya yi ƙaho. Niyyar alheri ce, amma gudan jinin nan yana iya ɓallewa ya bi hanya ya ratsa zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. Sai a ga mace tana zaune da jaririnta numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗauki ciwo, wani lokaci kafin a nemo mota rai ya yi halinsa. Alhali gane ciwon ba wuya. Mai awo zai ɗora kan na'urar a kan jijiyar ya ɗan danna. Jijiya mai lafiya takan lotse ta haɗe, wadda guda ya cika kuwa ba ta lotsewa, kuma ba a jin motsin jini a cikinta yadda ya kamata. In an gano, akwai magungunan hana daskarewar jini da likita zai bayar na waɗansu watanni.

MASU CIWON SUKARI DA HAWAN JINI

Aiki na uku na manya ne. Ciwon sukari, da hawan jini, da shan taba, da yawan kitse a jini, duk suna sa jijiyoyin kai jini su yi ta cushewa da shekaru. In na ƙafa ne suka cushe, mutum zai ga in ya yi 'yar tafiya sai ƙwabrinsa ya ƙulle da ciwo, in ya tsaya ya huta ya sake shi. Daga baya ƙafa ta riƙa sanyi, ɗan ƙaramin rauni ya ƙi warkewa ya zama gyambo, ƙarshenta a yanke yatsa ko ƙafar ɗungum. Akwai wata 'yar ƙaramar na'urar Dofla wadda ba ta fi a sa a aljihu ba. Da ita ake auna ƙarfin jini a idon sawu da kuma a hannu, a raba na farko da na biyu. In amsar ta kasance 0.9 ko ƙasa da haka, hanyar ƙafa ta ƙuntata. A waɗansu masu ciwon sukari jijiyar takan yi tauri har awon ya ruɗe, sai likita ya auna a babban yatsan ƙafa. Haka nan kuma ana duba manyan jijiyoyin wuya ga wanda ya taɓa jin hannu ya mutu ko magana ta sarƙe na ɗan lokaci sa'an nan ya warware, domin wannan gargaɗi ne. Ko ga mai ciki ma, in an ga ɗan ba ya girma yadda ya kamata, akan saurari gudun jini a cibiyarsa a san ko abinci yana isarsa.

IYAKAR NA'URA

Kada kuma a ɗauka na'urar tana ganin kome. Sauti ba ya ratsa ƙashi mai kauri ko iskar hanji sosai. Ba ta warkarwa, labari kawai take bayarwa. Yaron da awonsa ya fito lafiya bana yana bukatar a sake masa baɗi. Mafi muhimmanci kuma, amfaninta yana hannun mai riƙe da ita. Shagunan sikanin sun yi yawa a garuruwanmu, kuma ba duk mai na'ura ne ya koyi awon jijiya ba. A bari likita ya tura, a kuma komar masa da takardar sakamako ya fassara.

To, jama'a, ga abin da nake roƙo. Uban da ke da ɗa mai sikila wanda ya cika shekara 2, in ya je asibiti ranar ganin likita, ya buɗe baki ya tambaya ko an yi wa ɗansa awon gudun jinin ƙwaƙwalwa, in ba a yi ba ina ake yi. Uwar da ta ga bakin ɗanta ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta canja, ta ɗauke shi zuwa asibiti a sa'ar nan, kada a jira gari ya waye, domin ƙarin jini cikin gaggawa yana rage ɓarna. Maigidan da ya ga ƙafar mai jego ta kumbura ita kaɗai ya hana a taɓa ta sai an duba. Su kuma Ma'aikatun Lafiya na jihohi, muna kira gare su da su sa wannan na'ura a kowane babban asibiti mai ɗakin masu sikila, su horar da ma'aikata, su kuma samar da maganin, domin auna yaro a gaya wa ubansa yana cikin haɗari, sa'an nan a sallame shi hannu wofi, ƙara masa baƙin ciki ne kawai. Kuɗin awon shekara bai kama ƙafar abin da iyali za su kashe a kan yaron da ya shanye ba.

Ɗan maƙwabcin nan nawa ya rayu, ya girma, amma har yau da hannun hagu yake rubutu, yana kuma jan ƙafa. Ƙanwarsa ma da ciwon aka haife ta. Ita kam tun tana shekara biyu ubanta yake kai ta awo kowace shekara, ya ce shi ba zai sake fafe gora ranar tafiya ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.